Taku Sittin na Siririyar Waya

A unguwar Birni ta Damagaram in ka tambayi gidan Safiyanu za a ce maka wanne, don Safiyanu ba ɗaya ba ne. Amma ka ce mai agogon wuta, nan take za a nuna maka lungun, a ce ka bi rairayin har ka ga zaure mai fanon sola, farantin nan mai zuƙar hasken rana, a ka. Agogon ba na duba lokaci ba ne. Na'urar awon lantarki ce rawaya mai wayoyi biyu, ja da baƙa, kullum tana rataye a wuyansa. Da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa jana'iza, sai ka ce za a roƙe shi ya auna mamacin.

Ubansa baduku ne. Shekara arba'in ya yi a zauren nan yana ɗinka jaka da kube da matashin fata. In ya gama ɗinki sai ya taka da ƙafa ya ja da iyakar ƙarfinsa, in bai ɓalle ba sannan ya kai kasuwa. Safiyanu bai gaji wannan ba. Tun yana saurayi ya ce warin fata na sa masa ciwon kai. Lakwal ma, makarantar boko, bai yi nisa ba ya fito, wai malaman ne ba su iya koyarwa ba. Daga nan ya faɗa wani shantiye a unguwar Zango inda ake gina shaguna, aikinsa riƙe tsani da miƙa waya ga wani mai haɗa wuta ɗan Kwatano. Wata takwas suka yi tare. Da mutumin zai koma garinsu ya bar masa tsohuwar na'urarsa, ya nuna masa yadda ake auna bolt, ya ce da nan ake farawa. Da nan Safiyanu ya fara, a nan kuma ya yada zango. Maɓallin na'urar yana da mazauni wajen ashirin, amma cikin shekara ashirin da biyar biyu kaɗai ya taɓa ziyarta, bolt na wutar gari da bolt na batir. Sauran har datti ya rufe rubutunsu.

Ya kuwa ci abinci da ita, wannan ba a musu. Rabin shagunan wani layi a Zango shi ya sa musu ƙwan fitila da fanka. Waya iri ɗaya ya sani, siririyar nan mafi araha, kuma ba ya zubar da guntu, buhu guda gare shi na guntaye a bayan ƙofa. Yana gama aiki sai ya ɗora wayoyin agogonsa, ya ɗaga gira, ya faɗi lambar da Faransanci ko da wanda ke gabansa bai san gaisuwar Faransanci ba. Mutanenmu kuwa Allah ya yi su da girmama duk abin da ke nuna lamba. Da sun ga ta fito sai su gyaɗa kai, a kawo masa ruwan sanyi. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me lambar ke nufi, shi ma bai taɓa tambayar kansa ba. Wutar gari bolt ɗari biyu da ashirin ce, tana da yalwar da za ta rufa wa mai ganganci asiri, ta kuwa rufa masa har ya fara furfura.

Uwarsa, Iya Zainaba, tana zaune a ɗakinta na ƙuryar gidan tun ranar da aka kawo ta amarya. Ciwon suga ya kama ta, aka ɗora ta kan allura safe da yamma, kuma maganin allurar nan ba ya jituwa da zafi ko kaɗan. Shekara uku tana ajiye shi cikin wata ƴar randa ƙirar garin Mirriya da aka binne rabinta a jiƙaƙƙen rairayi, tana yayyafa ruwa sau uku a rana. Madam Hannatu, ma'aikaciyar jinya da ke leƙo ta kowane mako, takan taɓa kwalbar ta ce ba laifi, a dai ci gaba da yayyafi.

Sai Munira, ƙanwar Safiyanu mai shagon atamfa a Zango, ta ga bazara na tafe, ta ce ba za ta ƙara barin maganin uwarta a hannun randa ba. Wutar gari a bazara kowa ya san halinta, ta zo ta tafi ba sallama. Don haka ta sayo ƙaramin firigo na sanyaya kaya mai aiki da batir, bolt goma sha biyu, da fanon sola da batir ɗinsa, aka kawo a amalanke.

"Yaya, mai shagon ya ce a ajiye batir kusa da firigon," in ji ta.

Safiyanu ya yi mata kallon hadarin kaji. "Mai shago? Shi mai sayarwa ne, ni mai aiki ne. Ki tsaya kan atamfarki."

Dalilinsa ba ya da nisa. Batir sabo ne, ga wani ɗan akwati mai shuɗiyar fitila da ke tafiya da shi. In an kai su ƙuryar gida wa zai gani? Mata da kaji. Zaure kuwa nan abokansa ke shan shayi, nan masu neman a haɗa musu sola za su zauna. Sai ya ɗora fano a kan zaure inda mai wucewa ba zai rasa gani ba, ya kafa wa batir kanta a ciki, ya shimfiɗa masa ƙyalle. Gidajen Birni kuma an san su da zurfi. Daga zaure sai soro na biyu, sai tsakar gida, sai a karya kwana a wuce madafa kafin a kai ɗakin tsohuwa, taku sittin cif. Ya zazzage buhun guntayensa, ya yi ta murɗa wannan da wancan yana naɗewa da baƙar roba, ƙulli bakwai, ya bi katanga da ƙusa har bayan firigon. Da ya gama ya ɗora agogo a bakin wayar kafin ya haɗa ta, lamba ta fito, sha biyu da ɗigo bakwai. Ya haɗa, ya buɗe ƙofar firigon, ƴar fitilar ciki ta kama. Mata suka yi guɗa. Randar kuwa a ranar ya sa aka tone ta, aka mayar da ita wurin shan ruwan kaji.

Firigon bai yi sanyi ba, ko na rana ɗaya. Injinsa yakan yunƙura ya yi gurnani na ɗan lokaci, sai a ji ƙyat, ya yi shiru. Bayan minti biyu ya sake yunƙurawa, ya sake ƙyat. Haka yake wuni. Da aka gaya wa Safiyanu sai ya zo ya zare wayar daga jikin firigon, don a saninsa haka ake awo, ya ɗora agogo.

"Kuran na nan daram, wuta ba ta da laifi. Ku duba da idonku."

Suka duba, ga lamba kuwa. Ya ce sabon inji ne, sai ya saba. Da mako ya cika bai saba ba, ya ce matarsa Rabi ce ke yawan buɗe ƙofar, ya sa kwaɗo ya riƙe makulli, sai lokacin allura yake bayarwa. Da wannan bai yi ba ya ce an cuci Munira da batir, ya sa ta sayo na biyu, kanta ta ƙara kyau. Ya hau zaure ya wanke fano da sabulu. Ya zagi mai shago, ya zagi ƙasar da ta ƙera firigon, ya zagi zamani. Abu ɗaya ne bai ko kalla ba, shi ne wanda ya yi da hannunsa.

Ana cikin haka bazara ta kai intaha, irin wadda in ka taka rairayin Birni da azahar sai ka tuna zunubanka. Iya Zainaba ta fara yawan ƙishi da kasala. Wani ɗan ƙurji da ya fito mata a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Madam Hannatu ta auna jininta ta ga suga ya yi sama, ta tambayi abin da take ci, ba abin da ya sauya. Sai ta ce a buɗe mata firigon, ta ɗauki kwalbar ta riƙe a tafin hannu.

"Malam Safiyanu, maganin nan ɗumi gare shi kamar shayin da ya huce. In ya jima a haka ruwa kawai muke tsira mata. Ka bari in tafi da sabo gidanmu, namu firigon yana sanyi, a riƙa ɗaukowa."

Ran maza ya ɓaci. A ce maganin uwar mai agogon wuta yana firigon wasu? Gobe wa zai ba shi aiki a Zango? Ya ce Madam ta tsaya kan allurarta, kamar yadda ya ce wa Munira ta tsaya kan atamfa. Abin takaicin, tsohuwar da kanta ta goya masa baya.

"Bar shi, ƴata," ta ce wa Hannatu. "Aikinsa ne. Zai gyara."

Ba don ta yarda da firigon ta faɗi haka ba, ita ce fa ke jin gurnaninsa a kunnenta. Ba ta dai son a ce ita ta fara tozarta ɗanta a gaban baƙuwa.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci Hannatu ta taso mijinta a gaba. Mushe Amos, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, malamin kimiyya ne a wata kwaleji, mutum mai sanyin magana, shi ya haɗa solar gidansu da kansa. Ya tarar da zaure cike da abokan shayi. Ya gaisa da kowa, ya nemi izini ya bi wayar da ido har ƙurya, yana taɓa ƙullayen ɗaya bayan ɗaya. Da ya dawo ya so ya ja Safiyanu gefe, amma Safiyanu ya ce a faɗa a nan, shi ba ya da abin ɓoyewa. Amos ya tsuguna a bakin zaure ya share rairayi da hannu.

"Malam Safiyanu, abu uku ne a aikin nan, kuma ɗaure suke da juna. Akwai ƙarfin da ke tura kuran, shi ne bolt, shi kake aunawa. Akwai yawan kuran ɗin da ke wucewa, shi ne amper. Sai tirjiyar da waya ke yi masa. In waya ta yi tsawo kuma ta yi siriri, tirjiyarta ta ƙaru, kowane ƙulli kuma ƙari ne. Bolt ɗin da ke zubewa a hanya, tirjiyar ce sau yawan amper."

Ya rubuta haruffa uku a rairayin.

"In ka zare firigon ba abin da ke jan kuran, amper sifiri ne, ba abin da zai zube. Shi ya sa agogonka ke ba ka sha biyu da ɗigo bakwai, kuma ba ƙarya yake yi ba. Kamar famfon garin nan ne. Yana rufe ka ce ruwa ya zo, ka buɗe ya yi fush sau ɗaya, ya koma ɗigo."

Wani cikin masu shayi ya yi dariya, don ba ɗan Damagaram da bai san wannan famfon ba.

"Injin firigon nan yana jan amper biyar. Wayarka, zuwa da dawowa, za ta cinye kusan bolt biyar a hanya. A cikin ɗari biyu da ashirin, biyar ba kome ba ne, shi ya sa ba ta taɓa ba ka kunya a shaguna ba. Amma a cikin sha biyu, saura bakwai ko takwas, inji ba ya tashi da wannan. Fitilar ciki na kamawa ne don ba ta jan kome. Kar ka yarda da bakina. Bar firigon a haɗe, ka auna lokacin da yake gurnani. In na yi gaskiya, mu ɗauki batir mu kai shi ƙurya, ko a sa waya mai kauri. Aikin rabin awa ne, zan riƙe maka tsani."

Mutum ya zo har gidanka ranar hutunsa, ya tsuguna a rana, ya ba ka a banza abin da ka yi shekara ashirin da biyar ba ka nema ba. Mai hankali godiya zai yi. Safiyanu dariyar nan ta abokinsa kawai ya ji. Ya miƙe ya sa takalmi ya shafe rubutun.

"Mushe, wannan ka kai wa ƴan lakwal. Ku alli kuka sani, mu kuran ya sha jan mu. Gida nawa ka haɗa a Damagaram?"

"Ɗaya," in ji Amos.

"To ni ɗari sun fi."

Abokan shayi suka koma bayan mai zaure, don shayinsa suke sha. Wani ya ce ai boko ba ya kama wuta, aka yi shewa. Amos ya kakkaɓe gwiwarsa ya yi sallama. Hannatu ta kawo sabuwar kwalba a wannan makon, ta roƙi Rabi ta sa ta a jiƙaƙƙen tsumma. Safiyanu ya gani ya mayar da ita firigo ya kulle, ya ce ba za a mayar masa da gida ƙauye ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka aka ɗauki Iya Zainaba ranga-ranga zuwa asibiti. Ƙurjin ya ci ƙafa. Ta yi mako uku a can, ta dawo babu yatsu uku da rabin tafin ƙafar hagu. Matar da ba ta taɓa barin kowa ya share mata ɗaki ba, yanzu ko bayan gida sai an ɗauke ta. Munira ta rufe shago ta tare a gidan, ta daina yi wa yayanta magana sai gaisuwa. Magani kuwa Hannatu ke kawowa safe da yamma cikin ƴar jakar ƙanƙara, ba wanda ya nemi izinin kowa. Firigon yana nan a haɗe yana gurnani, ba kome a cikinsa. Safiyanu yana gaya wa masu jaje cewa rai da lafiya na Allah ne. Gaskiya ne, amma ba a bakinsa ya kamata a ji ta ba.

Ranar Laraba da hantsi ya shiga ɗakin. Munira na madafa, tsohuwa na kwance ido a rufe. Ya tsaya ya yi ta kallon ƙafar da aka naɗe da farin bandeji, sannan ya leƙa tsakar gida ya ga ba kowa. Ya tsuguna bayan firigon, ya ɗan fere robar wayar da wuƙa, ya ɗora agogo ba tare da ya zare kome ba. Sha biyu da ɗigo bakwai. Ya saki ajiyar zuciya. Sai injin ya yunƙura, lambar ta gangara a gaban idonsa, goma, tara, takwas da ɗigo ɗaya. Ƙyat. Ta sake haurawa ta koma inda take. Ya jira minti biyu, ta sake yi. Sau uku ya gani. Ya miƙa hannu ya taɓa ƙullin da ke kusa, ya ji shi da ɗumi.

Ya gane sarai, kuma wannan shi ya fi ba ni haushi a kan mutumin nan, don ba daƙiƙi ba ne. Abin da Amos ya rubuta a rairayi ya shige masa kai gaba ɗaya cikin minti shida. Ya san rabin awa ce tsakaninsa da gyara, ya kuma san rabin awar nan ce da tun farko ta bar wa uwarsa ƙafarta.

Sai ga sallama a tsakar gida. Abokan shayi ne su huɗu sun shigo dubiya, Munira na biye da su da tabarma. Suka gaishe da tsohuwa, suka yi mata addu'a, ta amsa da ƙyar ba ta buɗe ido ba. Ɗayansu ya hango Safiyanu a tsugune da agogo a hannu.

"Mai gida, ana kan aiki? To ƙarshe dai firigon ne ko wayar da Mushe ya ce?"

Kalma ɗaya ake nema, kuma tana bakinsa. Ya dubi fuskokinsu huɗu. Sai ya sa hannu ya zare wayar daga jikin firigon daidai lokacin da injin ya fara yunƙuri, gurnanin ya yanke a tsakiya. Ya ɗora agogo, ya juyo musu da fuskarsa.

"Ku karanta da kanku."

Suka sunkuya suka karanta, suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce ai dama, kayan yanzu ba su da ƙwari.

Suga ya rage wa Iya Zainaba gani, amma bai taɓa kunnenta ba, kuma wata uku ta yi tana sauraron injin nan har ta san numfashinsa. Safiyanu ɗanta ne na fari, shekara hamsin ba a taɓa jin ta ambaci sunansa ba saboda alkunya. Ta buɗe ido ta dubi rufin ɗaki.

"Safiyanu."

Munira ta saki tabarmar.

"Na'am, Iya."

"Nawa ya nuna?"

"Sha biyu da ɗigo bakwai, Iya."

"Ba wannan ba. Kafin baƙi su shigo, da ka auna sau uku ba ka zare ba. Nawa ya nuna?"

Abokan suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Ta ba shi lokaci mai tsawo, har injin ya isa ya yunƙura sau biyu da yana haɗe. Ya sunkuya ya shiga naɗe wayoyin agogonsa.

"Munira," in ji tsohuwar, "haɗa mini kayana, ki nemo abin da zai ɗauke ni. Gidanki zan koma."

"Iya, kwana nawa za ki yi?"

"Haɗa duka."